Darasi na Tara: Homon, Gishiri da Hawan Jini a Jikin Ɓeran Gwaji

Mutum biyu za su je asibiti rana ɗaya, a ɗaura musu na'urar awo a damtse, a tarar jinin kowannensu ya kai 160 bisa 100. Ɗaya zai yi shekara da shekaru yana shan maganinsa, yana zuwa gona da kasuwa lafiya lau. Ɗayan kuwa kafin a ankara ƙafafu sun kumbura, numfashi ya soma gagara, likita ya ce ƙoda ta taɓu ko zuciya ta gaji. Dalilan wannan bambanci suna da yawa, amma babba daga cikinsu shi ne abin da ya sa jinin ya hau tun farko. Hawan jini ba cuta guda ba ce. Lambar da na'ura ke nunawa ƙarfin matsi kawai take faɗa, ba ta faɗin abin da ya haddasa shi, balle ɓarnar da wannan abu ke yi a ɓoye.

A wannan darasi za mu duba sinadaran jiki da ake kira homon, da yadda masu bincike a Amurka, Japan da Turai suka yi amfani da ɓeraye don gane aikinsu. Tambaya ɗaya ce za mu riƙe tun daga farko: in zuciya ko ƙoda ta lalace, matsin jinin ne ya lalata ta, ko kuwa homon ɗin da ya hau da jinin?

Yadda jiki ke riƙe da matsin jini

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu da tiyo ya san abu biyu ne ke ƙara wa ruwa ƙarfi: ko a ƙara yawan ruwan da inji ke turowa, ko a matse bakin tiyon. Haka yake a jiki. Matsin jini yana hawa in ruwan da ke cikin jijiyoyi ya ƙaru, ko in ƙananan jijiyoyin suka tsuke. Homon na da hannu a duka biyun.

Homon sinadari ne da wata gaɓa ke haɗawa ta zuba a jini, ya tafi ya ba wata gaɓa umarni. Kafin umarnin ya yi aiki, sai ya tarar da wurin da aka tanadar masa a jikin gaɓar, wanda za mu riƙa kira makarɓa. In babu makarɓa, ko jini ya cika da homon ɗin, gaɓar ba za ta motsa ba. Ku riƙe wannan, domin da shi aka yi gwaji mafi kyau a darasin nan.

Abin yana farawa ne daga ƙoda. Da zarar ta ji jinin da ke iso ta ya ragu, ko gishiri ya yi ƙaranci, sai ta saki wani sinadari mai suna renin. A cikin jini akwai wani furotin da hanta ke zubawa kullum, anjiyotensinojin, wanda ba ya komai sai renin ya yanke shi. In ya yanke shi sai a sami anjiyotensin I. Wani sinadarin kuma, da likitoci ke kira ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, sai ya ƙara datse shi ya zama anjiyotensin II. Wannan shi ne mai ƙarfin. Yana tsuke jijiyoyi, yana jawo ƙishirwa, yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, sannan ya taɓa wata 'yar gaɓa da ke saman kowace ƙoda, adirinal, ta saki aldostiron. Shi kuma aldostiron aikinsa ya sa ƙoda ta ƙara riƙe sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ta zubar da fotasiyam a fitsari. Inda gishiri ya zauna, ruwa na nan tare da shi.

Wannan tsari rahama ne. Shi ke riƙe da ran mai gudawa da amai, da matar da ta zubar da jini wajen haihuwa, da manomin da ya wuni yana gumi a rana. Matsalar tana zuwa ne idan ya ci gaba da aiki alhali jiki cike yake da gishiri da ruwa.

An daɗe kafin a harhaɗa wannan sani. Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman ne suka gano renin a Suwidin a 1898, bayan sun yi wa zomaye allurar ruwan ƙodar zomo suka ga jini ya hau, amma aka yi watsi da aikin shekaru da dama. A 1934 Harry Goldblatt a Amurka ya matse jijiyar da ke kai jini ƙodar kare da ɗan ƙarfen azurfa, jinin karen ya hau ya ƙi sauka. Daga nan ayari biyu, na Eduardo Braun-Menéndez a Ajantina da na Irvine Page a Amurka, suka gano anjiyotensin kusan lokaci guda. Aldostiron kuwa sai a 1953 Sylvia Simpson da James Tait na Landan suka tace shi, tare da abokan aikinsu na Suwizalan. Ba a jima ba Jerome Conn na Jami'ar Michigan ya ba da labarin wata mata 'yar shekara 34 mai hawan jini, da kasalar gaɓoɓi, da ƙarancin fotasiyam. Aka yi mata tiyata aka tarar da ƙari a adirinal ɗinta yana zuba aldostiron ba ƙaƙƙautawa. Da aka cire shi, jininta ya sauka.

Me ya sa ɓera?

Ƙaramin ɓeran gwaji nauyinsa giram 20 zuwa 30 ne. Zuciyarsa na bugawa sau 500 zuwa 700 a minti ɗaya, amma duk da haka matsin jininsa kusan daidai yake da na mutum, lambar sama wajen 110 zuwa 120. Yana da renin, da anjiyotensin, da aldostiron. Cikin mace kwana 19 zuwa 21 ne, rayuwarsa shekara biyu zuwa uku, don haka abin da zai ɗauki mutum shekara ashirin ana iya ganin irinsa cikin makonni. An kuma daɗe ana haɗa 'yan'uwa barbara har aka sami dangogin da kusan duk 'ya'yansu halitta ɗaya ce, irin baƙin ɓeran nan da ake kira C57BL/6. In ka ba rabinsu homon ka hana rabi, bambancin da ya bayyana ka san daga ina ya zo. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne tun daga shekarun 1980 aka iya cire ƙwayar gado guda ɗaya tak daga jikin ɓera, ko a ƙara masa wata.

Bari mu leƙa yadda ake gwajin da aka fi yi. Ana sa wa ɓeran maganin barci ta hanci, a aske gashin bayan wuyansa, a ɗan tsaga fata, a tura wani famfo mai girman kafson magani a ƙarƙashinta, a ɗinke. Famfon ba shi da batir. Ruwan jikin ɓeran ne ke ratsa ɓawonsa a hankali, ya kumbura wani sinadari da ke ciki, shi kuma ya matse 'yar jakar da aka cika da anjiyotensin II, ya riƙa tsattsafowa dare da rana har mako biyu ko huɗu. Cikin 'yan kwanaki lambar sama takan kai 150 ko ta wuce.

Awon ma aiki ne. Hanya mai sauƙi ita ce a sa ɓeran cikin wani bututu a kan faranti mai ɗumi, a zura wutsiyarsa cikin ɗan zoben da ke hura iska. Sai dai ɓeran da aka tsare a bututu a tsorace yake, tsoro kuma na hau da jini, shi ya sa ake kwana da kwanaki ana saba masa kafin a yarda da lambar. Hanyar da ta fi inganci ita ce a zura siririn bututu a jijiyar wuyansa, a haɗa da 'yar na'urar da aka binne a ƙarƙashin fata, tana aika awon zuwa kwamfuta yana yawonsa a keji. Da ita ake ganin jinin ɓera ya fi hawa da dare, domin da dare yake harkokinsa.

In makonnin suka cika, ana tara fitsarinsa na kwana ɗaya a duba furotin, domin lafiyayyiyar ƙoda ba ta barin furotin ya zube. Daga nan a kashe shi ta hanyar da ba zai ji zafi ba, a auna nauyin zuciyar, a yanka ta siriri siriri, a shafa mata wani rini da ke mayar da tabo ja. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, zuciyar ɓeran da bai sha homon ba tsoka ce zalla, sai ɗan jan layi a gefen jijiyoyi. Ta wanda ya sha kuwa bangonta ya yi kauri, jajayen zaruruwa sun kewaye jijiyoyin sun kutsa tsakanin tsoka. Tabo ba ya matsewa, ba ya sakewa. Zuciyar da ta cika da shi ba ta buɗewa sosai ta karɓi jini.

Ƙwayar gado da hawan jini

Oliver Smithies na Jami'ar North Carolina, wanda ya sami lambar Nobel a 2007, ya yi wata tambaya mai sauƙi: in ɓera ya gaji ƙarin anjiyotensinojin kaɗan, jininsa zai hau? A al'ada kowane ɓera na da kwafi biyu na wannan ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 1995 ayarinsa ya ba da rahoton ɓeraye masu kwafi ɗaya, biyu, uku da huɗu. Duk kwafin da aka ƙara, jini ya hau da wajen maki 8. Babu ƙwayar da ta lalace a nan, yawa ne kawai ya bambanta, kuma irin wannan ƙaramin bambanci ne ake zaton yana bin dangi a cikin mutane. Waɗanda aka raba da ƙwayar gaba ɗaya kuwa yawancinsu ba su yi tsawon rai ba, ƙodarsu ma ba ta ginu daidai ba. Wannan ya yi daidai da abin da likitoci suka sani, cewa magungunan da ke toshe wannan tsari, irin su lisinofiril da losatan, suna cutar da ƙodar ɗan tayi. Mace mai juna biyu ba ta shan su.

A Jami'ar Tsukuba ta Japan, Akiyoshi Fukamizu da Kazuo Murakami sun bi ta wata hanyar. Renin na mutum ba ya yanka anjiyotensinojin na ɓera. Saboda haka ɓeran da aka dasa wa ƙwayar renin ta mutum lafiyarsa ƙalau, haka ma wanda aka dasa wa ta anjiyotensinojin na mutum. Amma da aka haɗa su suka haihu, 'ya'yan da suka gaji duka biyun sai suka tashi da hawan jini. A 1996 suka ba da wani rahoton da ya fi wannan ɗaukar hankali. Macen da ke ɗauke da anjiyotensinojin na mutum, in namiji mai renin na mutum ya yi mata ciki, jininta kan hau a ƙarshen cikin, furotin ya fito a fitsarinta, zuciyarta ta yi kauri, sannan jinin ya sauka bayan ta haihu. Renin ɗin daga mabiyiya yake fitowa ya shiga jinin uwa. Duk wanda ya san hawan jinin masu juna biyu, wanda kan kai ga jijjiga, zai ga kamannin.

Matsi ne ko homon?

A jikin mutum ba a iya raba su, domin tare suke zuwa. A jikin ɓera ana iyawa, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su ba da amsa ɗaya ba.

Mu fara da na Steven Crowley da Thomas Coffman na Jami'ar Duke, wanda suka wallafa a 2006. Suna da ɓeraye iri biyu: masu babbar makarɓar anjiyotensin II, da waɗanda aka cire musu ita. Sai suka yi musu dashen ƙoda a tsakaninsu, ƙodar da tsawonta bai fi santimita ɗaya ba, ana ɗinka jijiyoyinta a ƙarƙashin madubi, aka kuma cire wa kowane ɓera ƙodojinsa na asali. Aka sami rukuni huɗu: mai makarɓa ko'ina, marar ita ko'ina, mai ita a ƙoda kaɗai, da mai ita ko'ina ban da ƙoda. Aka sa wa duka famfon anjiyotensin II.

Ku tsaya ku yi tunani kafin ku ci gaba. Rukuni na huɗu yana da makarɓa a zuciya da jijiyoyi, homon kuma ya cika jininsa. In homon ne ke kaurara zuciya kai tsaye, wannan rukuni ya kamata ya fi shan wahala. Ba haka aka gani ba. Jininsa bai hau sosai ba, zuciyarsa ba ta yi kauri ba. Rukuni na uku kuwa, wanda zuciyarsa ba ta da makarɓar da za ta ji homon ɗin, jininsa ya hau, zuciyarsa ta yi kauri kamar ta rukuni na farko. Ƙoda ce ta riƙe gishiri, jini ya hau, zuciya ta yi ta fama da nauyi har ta kumbura. A wannan gwaji matsi ne mai laifi, ƙoda kuma ita ce ƙofarsa.

Da a nan aka tsaya, da sai mu ce a saukar da lamba kawai, magana ta ƙare. Amma tun farkon shekarun 1990 Karl Weber da Christian Brilla sun nuna wani abu dabam a jikin manyan ɓerayen gwaji. Sun ba su aldostiron da ruwan gishiri na makonni, tabo ya fito a zuciya. Abin lura shi ne inda ya fito. Zuciya na da ɓangaren hagu mai tura jini zuwa jiki duka, wanda shi ke ɗaukar nauyin hawan jini, da ɓangaren dama mai tura jini zuwa huhu kawai, inda matsi ba shi da yawa. Tabon ya fito a duka biyun. Da suka hau da jinin wasu ɓerayen ta hanyar ɗaure babbar jijiya a ƙasa da ƙoda, yadda homon bai ƙaru ba, zuciya ta yi kauri amma tabo bai fito ba. Da kuma suka ba masu aldostiron ɗan ƙaramin awo na maganin sifironolakton, wanda ke toshe makarɓar aldostiron, awon da bai isa ya saukar da jini ba, tabon ya ƙi fitowa. Nan kam ba yadda za a ɗora wa matsi laifi.

A Jami'ar Kentucky ma an ga irin haka a jijiya. A 2000 Alan Daugherty da Lisa Cassis suka tarar cewa ɓeraye masu yawan kitse a jini, in aka sa musu famfon anjiyotensin II na mako huɗu, babbar jijiyar da ke ratsa cikinsu takan buɗe ta yi jaka, wani lokaci ta fashe. Daga baya suka hau da jinin wasu zuwa lamba ɗaya da wani sinadarin dabam, jijiyar ba ta buɗe haka ba. Suka kuma saukar da jinin masu anjiyotensin da maganin da ba ya taɓa homon ɗin, jijiyar ta buɗe duk da haka.

Abin da za mu iya cewa ke nan: kaurin zuciya ya fi bin matsi, amma tabo, da kumburin cikin jijiya, da wani kaso na lalacewar matatar ƙoda, homon na iya yin su da kansa. Masana har yanzu suna jayayya kan rabon kowanne, kuma rabon na canzawa daga gaɓa zuwa gaɓa.

Akwai abu na uku da bai kamata ya ɓace mana ba, a ganina ma shi ne mafi amfani ga mai karatu. Aldostiron shi kaɗai ba ya wannan ɓarna sai da gishiri. Tun 1943 Hans Selye a Kanada ya nuna cewa wani ɗan'uwan aldostiron yana jawo mummunan hawan jini da lalacewar ƙoda ga manyan ɓeraye idan aka haɗa musu da ruwan gishiri. Har yau haka ake gwajin: a cire ƙoda ɗaya, a binne ƙwayar homon a ƙarƙashin fata, a sa gishiri kashi ɗaya cikin ɗari a ruwan sha. Weber da Brilla ma da suka rage gishirin, tabon bai fito ba. Jikin da ke cikin ƙarancin gishiri yana iya ɗaukar aldostiron mai yawa ba tare da ya cutu ba, domin dama don irin wannan hali aka yi shi. Haɗuwarsa da gishiri mai yawa ita ce masifar.

Garkuwar jiki, jinsi da kotizol

A 2007 Tomasz Guzik da David Harrison na Jami'ar Emory suka sa famfon anjiyotensin II ga ɓerayen da ba su da wasu fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki. Jininsu bai hau kamar na sauran ba. Da aka mayar musu da nau'in da ake kira ƙwayoyin T, sai ya hau. Tun daga nan ake kallon hawan jini a matsayin cutar da kumburi ke da hannu a ciki, domin ana samun waɗannan ƙwayoyi sun taru a ƙoda da gefen jijiyoyi.

Jinsi ma na da tasiri. Awo ɗaya na anjiyotensin II ya fi hau da jinin namijin ɓera fiye da na mace. In aka dandaƙe namijin, hawan ya ragu. In aka cire wa macen gaɓar da ke yin ƙwai, hawan ya ƙaru. Shekaru da yawa masu bincike sun fi amfani da maza zalla, kuma wannan kuskure ne da ya rage sanin da ake da shi game da mata. Sai a 2016 hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka ta wajabta a riƙa la'akari da jinsi.

Adirinal na fitar da wani homon, kotizol, wanda ya fi aldostiron yawa a jini nesa ba kusa ba, kuma yana iya shiga makarɓar aldostiron. Abin da ke hana shi shi ne wani sinadari a ƙoda da ke kashe masa kaifi kafin ya isa. A 1999 masu bincike a Edinbara ta Sikotland suka cire wa ɓeraye wannan sinadari. Kusan rabinsu suka mutu cikin kwana biyu da haihuwa, waɗanda suka rayu suka tashi da hawan jini da ƙarancin fotasiyam. Magungunan dangin kotizol, irin su dekzametazon da firedinisolon, suna hau da jini ta hanyoyi da dama. Masu sayen su a kemis ba da izinin likita ba don su yi ƙiba, da masu shafa man bilicin da aka haɗa da irinsu, homon suke ɗura wa kansu. Kumatun da ke cika ba lafiya ba ce.

Ɓera ba mutum ba ne

Hawan jinin ɓeran gwaji na mako huɗu ne, a jikin matashin ɓera, da dalili guda da mai bincike ya zaɓa. Na mutum kan ɗauki shekaru yana taruwa, tare da tsufa, ƙiba, ciwon suga da damuwa. Yawan anjiyotensin da famfo ke zubawa ya fi abin da ake samu a jinin yawancin marasa lafiya. Ɓerayen Tsukuba sun yi kama da mata masu hawan jinin ciki, amma matan nan renin ɗinsu ba ya hawa, ƙasa ma yake yi idan aka gwada da na masu lafiyayyen ciki. Dangin ɓera ma sun bambanta: ƙodar C57BL/6 na da juriya ƙwarai, abin da zai lalata ta wani dangin ita da ƙyar zai taɓa ta. Gwajin Emory kansa, da wasu ɗakunan bincike suka maimaita shi bayan shekaru da irin waɗancan ɓeraye, ba su sami kariyar da aka gani da farko ba. Don haka in kuka ji a rediyo an ce an gano maganin wata cuta, ku fara tambaya: a jikin wa aka gwada?

Dabbobin nan kuma suna jin zafi. A 1959 William Russell da Rex Burch na Ingila suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: a nemi wata hanya in akwai, a rage yawan dabbobin, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Gwajin da aka tsara da sakaci, wanda ba zai amsa komai ba, zalunci ne ga dabbar ko da an sa mata maganin barci.

Daga keji zuwa asibiti

Gwajin mutane shi ke yanke hukunci, kuma a wasu wurare ya gaskata ɓeran. A 1999 aka wallafa wani bincike kan mutum 1,663 masu tsananin gajiyar zuciya, inda ƙaramin awo na sifironolakton ya rage mace-mace da kashi 30 cikin ɗari. A 2005 likitoci a Faris suka kwatanta masu cutar da Conn ya gano da wasu masu hawan jini na gama-gari da awonsu ya yi daidai, suka tarar na farkon sun fi samun shanyewar ɓarin jiki kusan ninki huɗu. Cutar da a da ake ɗauka ba kasafai ake samunta ba, yanzu ana ƙiyasta tana damun mutum 5 zuwa 10 cikin kowane ɗari na masu hawan jini, kuma yawancinsu ba a taɓa gwada su ba.

A wani wurin kuma gwajin mutane ya nuna iyakar ɓeran famfo. Baƙar fata da yawa masu hawan jini renin ɗinsu ƙasa yake, jikinsu ya fi karkata ga riƙe gishiri, shi ya sa magungunan toshe ACE su kaɗai ba su cika saukar musu da jini sosai ba. A 2019 Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci bincike kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya. Aka tarar haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodifin, mai buɗe jijiyoyi, ya fi saukar da jini fiye da haɗin maganin ACE da na sa fitsari. Wannan ba ya nufin maganin ACE ba shi da amfani gare mu. Ga mai ciwon suga da furotin ya fara fita a fitsarinsa, ko mai gajiyar zuciya, likita kan zaɓe shi musamman don kare gaɓar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Lissafin ya haɗa da sodiyam ɗin da ke cikin dunƙulen ɗanɗano, da kanwa, da yajin tsire, da taliyar leda. Wanda yake shan magani kala uku jini bai sauka ba, ko wanda hawan jini ya kama tun yana matashi, ko aka ce fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa, ya dace ya tambayi likita ko akwai bukatar auna aldostiron da renin, gwajin da aka fi samu a manyan asibitoci. Gwajin furotin a fitsari kuwa da ɗan tsinken takarda ake yi, ba shi da tsada, kuma yakan nuna ƙoda ta fara taɓuwa tun kafin ƙafa ta kumbura. Sifironolakton ba maganin da mutum zai saya wa kansa ba ne: yana tara fotasiyam a jini, in ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya, musamman ga mai raunin ƙoda.

Aikin aji

1. Ku zana hanyar da ta taso daga ƙoda har zuwa aldostiron, ku nuna inda lisinofiril, losatan da sifironolakton kowanne ke tare ta.
2. A gwajin Jami'ar Duke, me ya sa sai da aka cire wa kowane ɓera ƙodojinsa na asali? Da an bar su, me zai ruɗe?
3. Me ya sa tabon da aka gani a ɓangaren dama na zuciya ya fi na hagu zama hujja?
4. Ku rubuta duk abin da ya shiga tukunyar gidanku jiya mai ɗauke da sodiyam, ku zo da shi aji mu lissafa tare.